Kalmar Turanci "stagger": tambayoyi da amsoshi kan ma'anoninta da yadda ake amfani da ita

Ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, da masu fassara labarai a gidajen rediyo, da masu bibiyar jaridun Turanci, sukan ci karo da wannan kalma a inda ba su zata ba. Ƙamus ya gaya musu cewa tangaɗi take nufi, sai kuma ga ta a labarin zaɓe, ko na biyan albashi, ko na gasar tsere, inda babu wanda ya sha komai kuma babu mai shirin faɗuwa. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda aka fi maimaitawa a kanta.

Mece ce ainihin ma'anar *stagger*?

Ma'anarta ta farko, wadda sauran suka tsiro daga gare ta, ita ce mutum ya yi tafiya yana tangaɗi, ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa yadda ya kamata, yana karkata dama da hagu kamar zai faɗi, amma bai kai ƙasa ba. Dole ne a sami abu biyu tare kafin kalmar ta zauna: taku da rashin daidaito. Wanda yake tsaye wuri ɗaya yana rangaji bai shiga ciki ba, wanda ya riga ya zube kuwa ya wuce wurin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ya ga abin da ake nufi. Mutum biyu za su cicciɓi buhun masara su ɗora wa ɗan dako, sai gwiwoyinsa su ɗan lanƙwashe, ya ja taku ɗaya baya, ya yi biyu gefe, hannunsa na laluben kunnen buhun, kafin nauyin ya zauna masa a kafaɗa ya miƙe hanya. Waɗannan taku uku su ne Bature zai ce *he staggered under the weight of the sack*. Ana kuma aro wannan hoto a ɗora wa abin da ba shi da ƙafa: idan aka ce *the company staggered on for two more years*, ana nufin kamfanin ya ƙara shekara biyu yana tangal-tangal, bai mutu ba bai kuma yi rai ba.

Yaya ake furta ta, kuma yaya ake rubuta sauran siffofinta?

Gaɓa biyu gare ta, kuma nauyin murya yana kan ta farko. Harafin *g* ɗin da ke tsakiya irin na "gari" ne, ba a mayar da shi "j" kamar yadda ake yi a *danger* ko *stranger*. Galibi idan aka ninka wannan harafi a Turanci haka yake fita, kamar a *bigger* da *dagger* da *trigger*, ko da yake *suggest* da *exaggerate* sun saɓa wa wannan ƙa'ida. Yawancin mutanen Ingila ba sa furta *r* ɗin ƙarshe, Amurkawa kuwa suna furta shi, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne.

Inda bakin Bahaushe ya fi samun cikas shi ne farkon kalmar. Harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, shi ya sa muka sami "sito" daga *store* da "sitiyari" daga *steering*, kuma shi ya sa ɗalibai da yawa suke cewa "sitaga". A hira babu wanda zai kasa ganewa, amma a jarrabawar furuci wannan wasali da aka cusa ya mayar da gaɓa biyu uku. Wajen rubutu kuma, *staggered* da *staggering* ake yi da *r* guda ɗaya, saboda nauyin murya ba a gaɓar ƙarshe yake ba. Wannan ne ya raba ta da *prefer*, wadda take komawa *preferred*.

Shin duk wanda aka ce ya yi *stagger* bugagge ne?

A'a, amma zargin ba daga nesa ya taso ba. A labaran Turawa, wanda aka fi jingina wa kalmar shi ne mashayin da ya fito daga gidan giya da tsakar dare, har ta kai idan aka ce *he staggered home* ba tare da wani ƙarin bayani ba, mai karatu zai ɗauka mutumin a buge yake. Hausa ma tana da irin wannan, domin da an ce "ya shigo yana layi" zuciya ta riga ta yanke hukunci.

Sai dai kalmar kanta ba ta faɗi dalili ba. Ana amfani da ita ga wanda ya ji rauni, da wanda zazzaɓi ya kayar, da wanda aka tashe shi yana magagin barci, da wanda gajiya ta cinye. A gasar Olamfik ta 1984 a birnin Los Angeles, wadda ita ce ta farko da mata suka yi gudun fanfalaki, 'yar ƙasar Suwizalan Gabriela Andersen-Schiess ta shigo filin wasa zafi ya gama da ita, jikinta a karkace, ta shafe fiye da minti biyar tana tangaɗi a zagayen ƙarshe kafin ta tsallake layi a matsayi na 37. Babu kalmar da ta fi *stagger* dacewa da wannan tafiya tata. A wajen likitoci ma, tangaɗi alama ce da kan fito daga matsalar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, ko ta cikin kunne, ko faɗuwar sukari a jini, ko shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka mai rubuta labari ya kula. Idan ya ce wani *staggered* alhali rashin lafiya ce ta kama shi, to ya faɗi dalilin a cikin jimlar, in ba haka ba ya shafa wa bawan Allah kashin kaji ba tare da ya yi niyya ba.

Mene ne bambancinta da *stumble* da *totter* da *limp* da makamantansu?

Wannan tambaya ita ce ta fi fitowa a jarrabawa, a sashen da ake neman kalma mafi kusa da ma'ana, kuma Bahaushe yana da sa'a a nan domin harshensa ya riga ya rarrabe yawancinsu. *Stumble* tuntuɓe ne: abu ne na lokaci guda, kuma sau da yawa dalilin yana ƙasa, dutse ko tushen itace. Mutum yakan yi tuntuɓe sau ɗaya ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau, amma tangaɗi yana ɗaukar taku da yawa, kuma dalilinsa yana jikin mai tafiyar ko a kayan da ya ɗauka. *Limp* ɗingishi ne, shi kuwa ɗingishi yana da tsari, kowane taku irin na baya ne, har ana iya gane mai shi daga nesa da sautin tafiyarsa. Tangaɗi ba shi da wannan tsari, mai yin sa ma bai san inda ƙafarsa za ta sauka ba.

*Totter* ita ce ta fi kusa, kuma ita ce ta fi rikita ɗalibai. Takunta gajeru ne masu karkarwa, irin na tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, kuma ana faɗinta ga gini ko gwamnatin da ke dab da rushewa. *Stagger* ta fi ta nauyi da faɗin taku, akwai jiki mai ƙarfi a ciki wanda wani abu ya rinjaya. Tatatar yaro kuwa *toddle* ce. *Reel* tana ɗauke da jiri da hajijiya, kamar duniya na juya wa mutum. *Lurch* fizga ce guda ɗaya ba zato, irin wadda babbar mota take yi idan direba ya saki kuloci da gaggawa. *Sway* rangaji ne, wanda bishiya ma tana yi ba tare da ta bar inda take ba.

Akwai dangantaka tsakaninta da *swagger*?

A ma'ana babu, harafi ɗaya ne kawai ya raba su a rubuce. *Swagger* tafiyar taƙama ce da rangwaɗa, ta wanda yake jin kansa. Ɗalibin da ya musanya su ya mayar da mai ƙasaita mashayi.

Me ya sa ake cewa *I was staggered* alhali mutum yana zaune?

A nan an juya kalmar, ta zama abin da wani abu yake yi wa mutum. Matakin farko na jiki ne: *the blow staggered him*, wato naushin ya sa shi taga-taga. Mai kallon dambe ya san wannan lokaci, sa'ad da ɗan dambe ya sha hannu ya yi baya-baya, 'yan kallo suka miƙe, amma bai taɓa ƙasa ba, don haka ba a yi kisa ba. Daga nan aka ɗauki hoton aka kai shi zuci. Labari ma yana iya dukan mutum har hankalinsa ya yi taga-taga, kuma Turawa suna amfani da kalmar a wannan ma'ana tun ƙarni na 16. Mu ma haka muke cewa "labarin ya girgiza ni" ko "na kaɗu", ba tare da wani ya ga muna motsi ba.

Kalma ce mai ƙarfi, ta fi *surprised* nesa ba kusa ba. Ba a cewa *I was staggered* don baƙo ya zo ba sanarwa, sai dai don abin da hankali ya ƙi ɗauka da farko. Ana bin ta da *by* ko *at*, ko kuma a ce *staggered to hear* da *staggered to learn*.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa *staggered* da *staggering*. Ta farko tana bayyana wanda abin ya kaɗa, ta biyu tana bayyana abin da ya kaɗa shi. *The price was staggering* daidai ne, haka ma *I was staggered by the price*. Wanda ya ce *I was staggering* kuwa ya koma ma'anar farko, ya shaida wa jama'a cewa tangaɗi yake yi.

Me 'yan jarida suke nufi da *a staggering amount*?

Suna nufin adadin ya kai girman da zai sa mai ji ya riƙe baki. Lokacin da hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, irin wannan adadi ne ake rakawa da *staggering*. Hausa tana da abin da ya yi daidai da wannan a maganar kuɗi, inda ake cewa "zunzurutun kuɗi har naira biliyan kaza" ko "maƙudan kuɗi". Kalmar ba ta zaɓi alheri ko sharri ba, ana iya cewa *staggering success* a kuma ce *staggering incompetence*, girman abin kawai take aunawa.

A ganina an cika yin wasa da ita a jaridu har ta fara dushewa. Ya kamata mai karatu ya riƙa tuna cewa ra'ayin marubuci ce, ba ta cikin lissafin. Idan aka cire ta daga jimla adadin yana nan yadda yake, kuma sau da yawa labarin ya fi tsabta ba tare da ita ba.

To ina ruwan tangaɗi da *staggered hours* ko *staggered payments*?

Wannan ita ce ma'ana ta uku, kuma ita ce ta fi yawa a takardun hukuma da sanarwar makarantu. Tana nufin a tsara abubuwa yadda ba za su faɗo lokaci ɗaya ba, a rarraba su bi da bi. Hanya mafi sauƙi ta ganin alaƙar ita ce a dubi sawun mai tangaɗi a kan rairayi: wannan ya karkata hagu, na gaba ya karkata dama, babu biyu da suka hau layi ɗaya. Tun a ƙarni na 19 Turawa suka fara kiran duk wani jeri mai irin wannan saɓani *staggered*, daga baya aka ɗauke shi daga wuri aka kai shi ga lokaci.

Idan ma'aikata suna *staggered hours*, wasu za su shigo ƙarfe bakwai, wasu takwas, wasu tara, don a rage cunkoso a hanya ko a ofis. *Staggered payments* biya ne kashi-kashi a maimakon a dunƙule. A shekarar 2020, bayan rufe makarantu saboda annobar korona, ba a buɗe su rana ɗaya ba a Nijeriya: 'yan ajin ƙarshe na sakandare ne suka fara komawa ranar 4 ga Agusta don jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran azuzuwa suka biyo baya. Irin wannan shi ake kira *staggered resumption*.

Abin lura shi ne wannan ma'ana ta juya wa ta farko baya gaba ɗaya. Tangaɗi rashin iko ne da jiki, amma *staggered* a nan shiri ne da aka zauna aka yi da gangan.

Mene ne *staggered elections*?

Abu biyu ake kira da wannan suna, kuma ya kamata a raba su. Na farko shi ne majalisar da ba a sabunta kujerunta gaba ɗaya. Majalisar Dattawan Amurka tana da kujeru 100, wa'adin kowane sanata shekara shida ne, amma tsarin mulkin ƙasar ya kasa su gida uku, ta yadda duk bayan shekara biyu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suke fuskantar masu zaɓe. Hikimar ita ce kada guguwar siyasa ta shekara guda ta share majalisar baki ɗaya, kuma a kullum a sami tsofaffin hannu a ciki. Majalisar dattawan Indiya ma haka take yi. Ta Nijeriya kuwa ba ta cikin wannan sahu, domin duka kujerunta 109 ake zaɓe a lokaci guda duk shekara huɗu. Irin wannan tsari ne ake kira *staggered board* a kamfanoni, inda ake sauya daraktoci rukuni-rukuni.

Na biyu shi ne zaɓe guda da aka shimfiɗa a ranaku daban-daban. Zaɓen da ya kawo Jamhuriya ta Biyu a 1979 misali ne mai kyau: an zaɓi sanatoci ranar 7 ga Yuli, 'yan majalisar wakilai ranar 14, 'yan majalisun jihohi ranar 21, gwamnoni ranar 28, sannan aka yi na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta, wanda Alhaji Shehu Shagari ya lashe. Indiya kuma ta yi babban zaɓenta na 2024 a zango bakwai, daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, saboda jami'an zaɓe da na tsaro su iya zagayawa.

Jihohi takwas da suke zaɓen gwamna a wajen lokacin gama-gari, wato Anambra da Bayelsa da Edo da Ekiti da Imo da Kogi da Ondo da Osun, wani lokaci akan kira nasu *staggered*, amma *off-cycle* ta fi dacewa kuma ita aka fi ji. Babu wanda ya zauna ya tsara musu haka, hukunce-hukuncen kotu ne suka sauya ranakun rantsar da gwamnoninsu, tun daga Anambra a 2006.

Me ya sa 'yan tseren mita 400 ba sa tsayawa a layi ɗaya, kuma me ya haɗa wannan da kalmar?

Wannan tsayuwa tasu, kowa a gaban na kusa da shi kamar matakala, ita ake kira *staggered start*, tazarar kuma ana ce mata *the stagger*. Mita 400 ɗin da ake faɗa tsawon layin ciki ne kawai. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, don haka wanda yake waje yana zagaya da'ira mafi girma, kuma da za a tsayar da su kafaɗa da kafaɗa da an zalunce shi. Shi ya sa a tseren mita 400 ake ba na layi na biyu gaba da kimanin mita 7, kowane layi bayansa a ƙara masa kusan mita 7.7, har na layi na takwas ya sami kansa kimanin mita 53 a gaban na layin farko. A mita 200, inda kwana ɗaya ce, rabin wannan ake bayarwa. A mita 100 babu kwana, babu kuma *stagger*.

Idan mai sharhi ya ce wani ɗan tsere *has made up the stagger*, yana nufin ya riga ya kamo wanda yake layin waje da shi tun kafin a fito daga kwana, alamar cewa shi ne a gaba a haƙiƙa. Wanda bai san wannan ba yakan ɗauka na layi na takwas ne ke cin tsere, sai an miƙe a zangon ƙarshe ya ga gaskiya.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wace ma'ana ake nufi a jimla?

Akwai, kuma ita ce abin da ya fi amfani a wannan shafi: a dubi abin da ya biyo bayan kalmar. Idan babu abin da aikin ya faɗa wa, sai dai bayanin wuri kamar *into the room* ko *to his feet* ko *backwards*, to tangaɗi ne. Idan mutum ne aikin ya faɗa wa, kamar *it staggered me*, to kaɗuwa ce, ko kuma taga-tagar da duka ya jawo. Idan kuwa abin da ya biyo baya lokaci ne ko taro ko kuɗi ko kayan da ake jerawa, to rarrabawa ce. Siffar da ta ƙare da *-ing* a gaban adadi mamaki take nufi, wadda ta ƙare da *-ed* a gaban abu marar rai kuma tsari take nufi. Shi ya sa *a staggering payment* da *a staggered payment* suka yi hannun riga: na farko kuɗi ne masu ban tsoro, na biyu kuɗi ne da za a biya kaɗan-kaɗan.

Wannan ma'auni yana da iyaka. *Staggered planting* a littafin noma yana iya nufin a shuka tumatir ko latas duk bayan mako biyu don kada su nuna rana ɗaya kasuwa ta cika, yana kuma iya nufin a saɓa ramukan layi da na maƙwabcinsa don kowane tsiro ya sami sarari. A irin wannan wuri sai an karanta abin da ke gaba da baya.

Wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa wajen fassara ta?

Babu guda ɗaya, kuma neman guda ɗaya shi ne tushen yawancin kurakurai. Ga tafiya akwai tangaɗi, da layi idan maye ake nufi, da taga-taga idan ɗan lokaci ne kafin mutum ya tsaya da ƙafarsa, da tangal-tangal ga hukuma ko kasuwanci. Ga zuciya akwai kaɗuwa da girgiza da ɗaurewar kai. Ga tsari akwai bi da bi, rukuni-rukuni, kashi-kashi, daki-daki, zango-zango, kuma Hausa ta fi Turanci wadata a nan domin ninka kalma kaɗai ya isar da saƙon.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami a farkon fara aikin fassara. An miƙo mini sanarwa minti kaɗan kafin labarai, a ciki an ce za a yi *staggered payment* na bashin da ma'aikata suke bi. Na san tangaɗi ba zai shiga ba, sai na yi dabara na rubuta cewa biyan kuɗin "yana tangal-tangal". Babban editan, dattijo mai jan biro, ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Malam, kai ka ce ba za a biya ba, su kuwa sun ce za su biya sau uku." Ya soke layin ya rubuta "za a biya kashi-kashi" a samansa. Da ta fita yadda na rubuta, da an kwana ana zagin hukumar a kan abin da ba ta faɗa ba. Ma'aunin da aka bayar a amsar da ta gabata da ya ishe ni, domin kuɗi ne suka biyo bayan kalmar.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Daga harshen mutanen arewacin Turai na dā, kakannin 'yan Denmak da Norwe, waɗanda ake kira Vikings. A harshensu akwai *stakra*, mai nufin turawa ko tangaɗi. Rundunarsu ta sauka Ingila a shekarar 865, ta kama birnin York a 866, kuma jama'arsu suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar suka cakuɗa da mutanen wurin. Ta wannan zama ne Turanci ya sami kalmomin yau da kullum irin su *sky* da *egg* da *window* da *they*. Ita *stagger* ta fara bayyana a Turanci a matsayin *stakeren*, daga baya *k* ya koma *g*.

A waɗanne sana'o'i kuma ake jin ta?

Magini yana aiki da ita kullum ko bai san sunanta ba. Idan ya gama layin bulo na farko, yakan fara na biyu da rabin bulo, don gaɓar sama ta sauka a tsakiyar bulon ƙasa. Da gaɓoɓin za su hau juna daga tushe har sama, da tsaga ɗaya ta isa ta raba bangon. Wannan saɓani shi ne *staggered joints* a takardun injiniyoyi, kuma haka ake yi wajen shimfiɗa katako da tayil.

A alamomin hanya na Birtaniya akwai *staggered junction*, wato mahaɗar da hanyar hagu da ta dama ba su fuskanci juna ba, ɗaya tana ɗan gaba da ɗaya. A jiragen sama na dā masu fukafukai biyu, sama da ƙasa, *stagger* ita ce tazarar da ɗaya ya fi ɗaya gaba. Yawanci na sama ne a gaba, amma wani jirgin kamfanin Beechcraft da ya fara tashi a 1932 ya juya abin, na ƙasa ya zama a gaba, har aka laƙaba masa suna Staggerwing. Duk waɗannan rassa ne na ma'ana ta uku da aka yi bayani a amsar *staggered hours*.

Na ga *the staggers* a littafin kiwon dabbobi. Cuta ce?

Suna ne da makiyayan Turawa suke ba cututtuka da dama waɗanda suke sa dabba tangaɗi, saboda haka alama yake nunawa, ba cuta guda ba. *Grass staggers* tana kama shanu da tumaki masu shayarwa idan sinadarin maganiziyam ya yi ƙaranci a jininsu, galibi sa'ad da aka sake su a sabuwar ciyawa mai saurin tohowa, kuma tana iya kashe saniya cikin sa'o'i. *Ryegrass staggers*, wadda ta fi damun makiyayan New Zealand, daga gubar wani naman gwari take da yake rayuwa a cikin ciyawar kanta. Mai fassara kada ya yi saurin ɗora wa ɗayansu sunan wata cutar da makiyayanmu suka sani don kawai alamun sun yi kama. Ya fi aminci ya ce ciwon da ke sa dabba tangaɗi, sannan ya faɗi musabbabinsa.

Akwai ma'anar da aka daina amfani da ita?

Akwai guda ɗaya da mai karatun tsohon Turanci zai iya tararwa, wato yin shakka ko ja da baya a zuci. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, an ce game da Annabi Ibrahim a Romawa 4:20, *he staggered not at the promise of God*, ma'ana bai yi kokwanto a kan alkawarin Allah ba. A yau babu mai faɗin haka a magana, kuma sababbin fassarori da dama sun sa *waver* a wurin.